Hutun Kwana Biyu Ba Sai An Hau Jirgi Ba

Bahaushe ba baƙon hanya ba ne. Kakanninmu sun kora jakuna har Gwanja neman goro, wasu kuma sun taka sayyada ta Chadi da Sudan zuwa Makka, su yi shekaru kafin su dawo. Yau ma in ka leƙa tashar Unguwa Uku a Kano ko ta Kawo a Kaduna da safiyar Asabar, za ka tarar mota na cika tana tashi. Amma tambayi fasinjojin inda suka nufa. Wannan ɗaurin aure za shi, waccan suna, wancan ta'aziyya, na kusa da direba kuma sari zai yo. Da wuya ka sami mutum ɗaya da zai ce maka hutawa za shi. In magidanci ya ce wa abokansa zai kwashi iyali zuwa Bauchi haka kawai, tambayar farko da za a yi masa ita ce: "Lafiya dai ko?"

Wani ɓangare na dalilin talauci ne, ba a musu. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya sa ko zumuncin dole sai an yi lissafi. Sai dai akwai wani dalilin da ba na aljihu ba. Mun ɗauka shaƙatawa ta masu zuwa Dubai da Masar ce, don haka wanda bai kai nan ba sai ya haƙura gaba ɗaya, ya ƙare Asabar da Lahadinsa a majalisar ƙofar gida ko a kan waya. Alhali a tazarar awa biyu zuwa huɗu daga yawancin manyan garuruwanmu akwai wuraren da baƙi ke tsallako teku domin su gani.

Babbansu Yankari ne, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun jihar a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Daga garin Bauchi za ka ɗauki hanyar Gombe, ka karya a Dindima, ka isa ƙofar shiga a Mainamaji, sannan ka ƙara tafiyar kusan kilomita 40 cikin dajin kafin ka kai masaukin Wikki. Wannan guntuwar tafiya ta ƙarshe kada a yi ta da gudu, domin tun a nan ake fara cin karo da gadu da 'ya'yanta sun tsallaka titi, wutsiya a miƙe.

Abin da ya fi jan mutane shi ne ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓuɓɓugowa, garai-garai har kana ganin farin yashin ƙasansa, kuma ɗuminsa ba ya sauyawa daga digiri 31, dare da rana, rani da damina. Wanda ya shiga shi da sanyin asubar watan Janairu, lokacin da hunturu ke fasa leɓe, shi ya san daɗinsa. Mai iyali da ke son sakewa ya sauka da sassafe, kafin ɗalibai da 'yan yawon rukuni su cika wurin. Kusa da bakin ruwan ba zurfi, yara na iya wasa, amma wajen gindin dutsen ya kan shanye babban mutum, don haka ido ya zauna a kansu.

Sai kuma gwaggon biri, wanda shi ne mai unguwar Wikki na haƙiƙa. Ya saba da mutane har ya raina su. Ya san ledar da ke ɗauke da burodi, ya san ƙofar da ba a sa wa sakata ba, ya kuma lura cewa ƙwace a hannun yaro ya fi sauƙi. In ka bar tagar mota a buɗe ka juya baya, kafin ka waiwayo ya shige ya ɗauki guzurin ya haye bishiya, yana ɓare ayabarka yana kallonka. Kada a ba shi abinci da hannu, kada kuma yaro ya riƙa yawo da leda a fili.

Fita kallon namun daji da motar wurin ake yi, tare da ɗan rakiya, safe ko yamma. Nan ne lokacin zuwa yake da muhimmanci fiye da kome. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa yana ko'ina, dabbobi sun watsu, sai ka yi ta zagaye ba ka ga kome ba sai ganye. Da rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, tafkuna sun ƙafe, dole kowace dabba ta gangaro kogin Gaji. A lokacin ne ake ganin ɓauna da gwanki da gwambaza da mazo, da kada kwance a gaɓa. Yankari na riƙe da ɗaya daga cikin garkunan giwa na ƙarshe da suka rage a Nijeriya, amma ganinsu rabo ne. Wanda ya yi wa yara alkawarin giwa da zaki tun daga gida ya ɗaura wa kansa rigima. Ga mutanen Bauchi da Gombe da Jos, wannan tafiyar Asabar da Lahadi ce cif. Bakano ko Bazazzagi kuwa gara ya jira hutun da ya haɗa kwana uku, don kada ya ƙare hutun a kan kujerar mota.

Ma'aunin ke nan da ya kamata a riƙe: in zuwa da dawowa za su cinye fiye da rabin lokacin da kake da shi, wurin ba na ƙarshen mako ba ne, kome kyansa.

Da wannan ma'auni, mutumin Kano yana da madatsar ruwa ta Tiga a kusa, a ƙaramar hukumar Bebeji. Gwamnatin Audu Bako ce ta gina madatsar tsakanin 1971 da 1974, kuma ruwanta ne ke shayar da gonakin Kadawa da Kura, inda tumatir da shinkafar da ke cika kasuwanninmu ke fitowa. Wuri ne na shimfiɗa tabarma, a sayi kifi daga hannun masunta, a sha iska, a juyo bayan La'asar. Gargaɗi ɗaya ne, kuma ba na wasa ba: ruwan dam ba kududdufin unguwa ba ne. Hatsarin kwalekwalen Bagwai na ƙarshen Nuwamban 2021, wanda ya ci rayuka fiye da ashirin, akasarinsu 'yan Islamiyya, lodi ne ya yi wa jirgin yawa. In babu rigar kariya, ko ka ga jirgi ya nutsa har baki, ka tsaya a tudu ka yi kallo.

Ruwan da aka tare a Tiga, in ka bi shi gabas, shi zai kai ka wurin da a ganina aka fi zalunta da rashin ziyara, wato fadamun Haɗeja da Nguru. A nan kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa cikin tafkuna da rafuka kafin su haɗu su nufi tafkin Chadi. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris, tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai, suka ƙetare Bahar Rum da Sahara, a nan suke yada zango, su cakuɗu da na gida irin su kirinjijiya da dinya da zalɓe. Baturiya ta jihar Jigawa da Dagona ta jihar Yobe su ne wuraren da aka fi sani, kuma Dagona ce Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya ziyarta a 1989. Ka isa da hantsi ka ga garke guda ya tashi daga kan ruwa lokaci ɗaya, ƙarar fukafukansu kaɗai ta isa labari. Sai dai fadamar ba kamar da ba ce. Madatsun da aka gina a sama sun rage ambaliyar da ke ciyar da ita, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama, abin da masunta da manoman yankin suka daɗe suna kuka da shi. Kada ka sa ran otal a bakin tafki. A Haɗeja ko Nguru ko Gashuwa ake kwana, a nemi ɗan gari ya yi jagora.

A hanyar Kano zuwa Maiduguri kuma akwai Birnin Kudu, wadda matafiya ke wucewa ba su san abin da ke bayan gidajen ba. A jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu da mutanen zamanin da suka yi, kuma mai lura zai ga shanun ba su da tozo, ba irin waɗanda Fulani ke kiwo yanzu ba. A gefe akwai duwatsun da in an ƙwanƙwasa su suke amo. Awa ɗaya ta isa a gama gani, amma yaron da ya tsaya gaban zanen nan zai riƙe tarihi fiye da wanda ya haddace shi don jarrabawa. Haka Daura, inda za ka ja guga a rijiyar Kusugu ta labarin Bayajida, da Katsina mai hasumiyar Gobarau, da Zariya mai dutsen Kufena. Duk waɗannan yini guda ne daga Kano. Kai, Bakanon da ya haura arba'in bai taɓa hawa Dala ba, bai shiga Gidan Makama ba, bai leƙa marinar Ƙofar Mata ba, ya fi a ƙirga.

In zafin Afrilu ya matsa, Jos ce mafaka, domin tana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, dare na iya sa ka nemi bargo alhali Sakkwato na tafasa. Akwai duwatsun Shere ga masu ƙarfin gwiwa, da magangarar ruwa ta Assop a gangaren Hawan Kibo. Gidan tarihin garin, wanda aka buɗe a 1952, yana ajiye da gumakan yumɓu na Nok, a bayansa kuma an gina kwaikwayon ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Mutanen Abuja da Suleja da Minna su kuma suna da magangarar ruwa ta Gurara, wadda ta fi ban sha'awa a ƙarshen damina, lokacin da ruwa ke rugugi, ko da yake lokacin ne kuma ba a kusantarta.

Ba zai yiwu a yi wannan magana a tsallake tsaro ba. Akwai wurare masu kyau da a yau ba na ba kowa shawarar kai iyali, irin dazukan Birnin Gwari da na Zamfara, kuma ko hanyar da ta yi lafiya bara tana iya canzawa bana. Hoton da ka gani a Facebook ba ya gaya maka halin da hanya ke ciki a wannan makon. Direbobin tasha da 'yan kamasho su ne ke da labarin jiya da shekaranjiya, sai kuma ɗan'uwa ko aboki mazaunin garin. A tashi bayan gari ya waye, a isa kafin Magariba, a bar wani a gida ya san inda aka nufa.

Batun kuɗi kuwa, karo-karo ne maganinsa. Gida uku ko abokan aiki goma in suka haɗa suka ɗauki shatar bas guda, abin da zai faɗo kan kowa bai kai na ankon biki ɗaya ba. Abinci a wuraren shaƙatawa tsada gare shi, wani lokacin ma babu, don haka a taho da dambun nama, soyayyar kaza, gurasa, dabino da jarkar ruwa, da buta da darduma. A kira masauki kafin a taso, a tambayi ruwa da wuta, a kuma tambayi banɗaki musamman saboda mata, don rashinsa ne ke sa uwargida ta rantse ba za ta sake bin irin wannan tafiya ba. Kuma a tafi da su ɗin. Sau da yawa maigida ne ke zagaya duniya da sunan aiki, matar da ke tsaye kan murhu kwana bakwai a mako ba ta san ko bayan garinsu ba.

Saura matsalar da kowane uba ya sani: boko tana hutu Asabar da Lahadi, Islamiyyu da yawa kuma Alhamis da Juma'a suke hutu, don haka babu ranar da yaro yake sake gaba ɗaya. Mafita ita ce a nemi izinin malam tun da wuri, ko a ɗora tafiyar kan hutun ƙarshen zango. Na Disamba ya fi dacewa da Yankari da Baturiya, na Afrilu da Jos, dogon hutun Agusta kuma a bar shi ga Gurara da Assop.