Gaskiya ko Jita-jita: Abin da Ake Faɗa Kan Fitowar Sababbin Finafinai

Duk wanda ya ratsa kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi zai ga rumfunan cajin waya da tura finafinai cike da matasa. Wayoyi a jere kan katako, janareto yana ruri, mai kwamfuta yana karɓar memori yana tambaya, "Hausa ko Indiya-Hausa?" Masu jira kuwa tambayarsu ɗaya ce: "Ya fito kuwa?" Ɗokin sabon fim abu ne mai daɗi, sai dai maganganu da yawa suna yawo tare da shi, wasunsu suna cin kuɗin mai kallo, wasu suna karya mai shirya fim. Ga huɗu daga cikinsu.

"Manyan finafinai a ko'ina sai tsakiyar shekara suke fitowa."

Hukunci: Gaskiya ce a Amurka, amma ba dokar duniya ba ce.

A can, daga ƙarshen Mayu ko Yuni zuwa Agusta ko farkon Satumba makarantu kan shiga dogon hutu, iyalai su sami sukunin zuwa silima, don haka kamfanoni ke ajiye manyan finafinansu sai lokacin. Al'adar ta kafu sosai da fim ɗin Jaws na Steven Spielberg a watan Yunin 1975, Star Wars ya ƙara mata ƙarfi a Mayun 1977. A Indiya kuwa bukukuwa ake bi, Diwali da Sallah. Da Sallah Salman Khan ya saki Bajrangi Bhaijaan a 2015 da Sultan a 2016.

Mu ma Sallah ce kasuwarmu. A Yuni da Yuli manomin Ɗambatta yana gona tun asuba, daga shuka zuwa noman farko zuwa maimai, ɗan abin da ke aljihu ya tafi wajen taki. Kuɗin nishaɗi sai kaka, in gero da gyaɗa sun shigo gida. Abin da ya rikita wasu shi ne Babbar Sallah ta faɗo 16 ga Yuni a 2024 da 6 ga Yuni a 2025, har aka ga kamar lokacinmu ɗaya da na Turawa. Haɗuwa ce kawai, domin Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara.

"Fim yana shiga silima yau, gobe na asalinsa yana wurin mai turawa."

Hukunci: Jita-jita.

Kamfanonin Amurka sun daɗe suna barin fim kusan kwana 90 a silima kafin ya fita ta wata hanya. Bayan annobar korona da yawansu sun rage zuwa wajen kwana 45, wasu ƙasa da haka. Abin da ke isowa rumfa washegari yawanci wani ne ya ɗauka a ɓoye daga allon silima. Alamominsa ba sa ɓuya: hoton ya ɗan karkace, murya kamar daga cikin rijiya, wani lokaci har kan mutum ya gifta. Akwai kuma masu yanka tsohon fim su manna masa hoton jarumi da rubutun "sabon fim" su ɗora a YouTube don su tara masu kallo. Kafin ka ƙona data, duba ko tashar ta kamfanin da ya shirya fim ɗin ce, ka kuma duba ko jarumin ya sanar da shi a shafinsa.

"Tura fim a memori ba ya cutar da kowa, ai 'yan fim masu kuɗi ne."

Hukunci: Jita-jita, kuma ita ce mafi illa.

Masana'antar finafinan Hausa da ta faro da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ta bunƙasa da irin su Sangaya a 1999, da cinikin kaset da faifai ta rayu. Dillalan Ƙofar Wambai da na Bata su ne jijiyarta. Da kwafar sata da tura fim a waya suka yi yawa, sai wannan kasuwa ta durƙushe. An gwada komawa silima, inda finafinai irin su Mansoor na Ali Nuhu suka ja jama'a a Ado Bayero Mall a 2017, amma silima ɗaya ko biyu a cikin birni ba za su ɗauki nauyin masana'anta ba. Shi ya sa aka karkata ga shirye-shirye masu dogon zango: Daɗin Kowa da Kwana Casa'in a tashar Arewa24, sai Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad, waɗanda suka fara a 2020.

Yanzu kuɗin yana fitowa ne daga talla. YouTube yana biya gwargwadon kallon da aka yi a tashar mai shirin, masu ba da talla kuma yawan masu kallo suke dubawa. Mutum ɗari su kalli shiri ɗaya daga memori, a lissafin YouTube ba a ga ko ɗayansu ba. Kuma ba fitattun jarumai ke fara jin jiki ba. Mai riƙe fitila ne, da mai kwalliya, da mai tace hoto, da mai dafa wa ma'aikata abinci. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: furodusan da bai mayar da uwar kuɗinsa ba, ba zai fita ɗaukar zango na gaba ba.

"In ka ji an ɗage fim, hukuma ce ta hana."

Hukunci: Rabin gaskiya.

Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana da ikon duba fim kafin a sake shi, kuma tana amfani da ikon. A Mayun 2025 ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, kan batun miƙa su a tace. Amma mafi yawan jinkiri ba daga nan yake ba. Kuɗi kan yanke a tsakiyar aiki, jarumi ya yi rashin lafiya, ruwan damina ya hana ɗauka a waje, ko aikin tacewa ya ja lokaci. Masu biliyoyin daloli ma ba su tsira ba. Korona ta tura No Time to Die daga Afrilun 2020 zuwa ƙarshen 2021, yajin aikin 'yan wasa na 2023 kuma ya kai Dune: Part Two daga Nuwamba zuwa Maris na 2024.

Na san halin da ake ciki a karkara. Data tana da tsada, sabis yana yankewa, wuta ba ta tsayawa, kuma mai turawa ma iyali yake ciyarwa. Ba na kiran a rushe rumfarsa. Kirana ga furodusoshi shi ne su zauna da masu turawa na garuruwa irin Ɗambatta su tsara farashin da zai bar wa kowa rabonsa, domin su ne suka fi kusa da mai kallo. Kai kuma mai kallo, duk ranar da ka sami data, kalli shirin da kake so a tashar mai shi. Da wannan kallon naka ake biyan waɗanda za su ɗauki fim ɗin da kake ɗokin gani Sallah mai zuwa.