'Yar Tsanar Klamath da Fadamar da Ta Haife Ta

A kudancin jihar Oregon ta Amurka, a gaɓar tafkin Upper Klamath da fadamun da ke kewaye da shi, akwai wata al'umma ta 'yan asalin ƙasar da ake kira Klamath. Rayuwarsu ta gargajiya a kan ruwa ta dogara: kamun kifi, da tara 'ya'yan bado, waɗanda suke kira wokas, da yankan wata doguwar ciyawar fadama mai suna tule. Da wannan ciyawa ake saƙa tabarmi da kwanduna da huluna da takalma, da ita ake rufe ɗakuna, har ma a ɗaura wa yarinya 'yar tsana.

Masu nazari sukan wuce 'yar tsana su tsaya kan kwando, domin shi ne mai ado da tsada. A ganina sun tsallake matakin farko. Yarinyar da ta zauna tana kallon yadda ake jiƙa ciyawa, a lanƙwasa ta, a ɗaure, ai ta shiga makarantar saƙa ke nan tun ba ta sani ba. Makarantar kuwa ba ta yiwuwa sai da fadama.

Ita ce kuma aka yi ta raba su da ita. A yarjejeniyar 1864 Klamath da Modoc da Yahooskin suka sallama wa gwamnati mafi yawan ƙasarsu. Daga 1905 aka shiga aikin noman rani, aka janye ruwan fadamu masu faɗi aka mai da su gonaki. Sannan a 1954 majalisar dokokin Amurka ta soke matsayinsu na al'ummar da gwamnati ta amince da ita, dazuzzukansu suka fita daga hannunsu. An maido musu da matsayin a 1986, amma ba a haɗa da ƙasar ba.

Saboda haka ba na gamsuwa idan aka ce gidajen tarihi sun ceci wannan fasaha. Abin da ke bayan gilashi busasshiyar ciyawa ce. Sanin lokacin yanka da wurin yanka yana wajen tsofaffi, kuma sai an shiga ruwa ake koyonsa.

A 2024 an kammala rushe madatsun ruwa huɗu a kogin Klamath, kifin salmon ya sake haurowa Oregon bayan fiye da shekara ɗari. Rikicin rabon ruwan tafkin tsakanin manoma da Klamath kuwa yana nan.