Yaron da Ba Shi da Makwanci a Birni: Yaya Karatunsa?

Da an gama girbi, an zuba amfani a rumbu, sai motoci su fara cika da masu tafiya birni. Wasu ci-rani za su, su dawo da faɗuwar ruwan farko. Wasu sun kwashi mata da yara ke nan, sun bar ƙauye gaba ɗaya. Wasu kuma yaro kaɗai suke turawa, ko wurin malami, ko gidan ɗan'uwa, ko aikatau. A wannan wata za mu yi magana ne a kan waɗannan yara. Ina suke kwana idan sun isa birni? Me kuma yake samun karatunsu?

Ba mu ga laifin mai tafiya ba. Talauci ne yake kora. A shekarar 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da sakamakon wani bincike. Ba kuɗin aljihu kawai ta duba ba. Ta duba abinci, da lafiya, da karatu, da irin gidan da mutum yake kwana. Ta samu mutum miliyan 133 suna cikin talauci a Nijeriya. A ƙauye, mutum 72 ne cikin kowane 100. A birni kuwa 42 ne. Ka ga mai cewa birni ya fi sauƙi ba ƙarya ya yi ba. Sai dai akwai abu ɗaya da talakan ƙauye yake da shi, wanda talakan birni yake nema ido rufe. Wannan abu shi ne wurin kwana.

Ɗaki a birni

A ƙauye, komai talaucin mutum yana da ɗakin da ya gada, ko wanda 'yan'uwa suka taya shi ginawa da gayya. Babu mai zuwa ya ce masa fita. A birni kamar Kano ba haka ba ne. Ɗaki na haya ne, kuma yawanci kuɗin shekara ake biya a dunƙule, ga kuma la'adar dillali. Baƙon da ya zo da kuɗin buhu biyu ko uku na gero zai ga sun ƙare kafin ya sami sana'a.

Bari mu ɗauki misali. Magidanci ya zo da mata da yara huɗu. Ya kama ɗaki guda a wata unguwa ta bayan gari. Yana dako a kasuwar Dawanau ko ta Singa, ko yana tura kurar ruwa. Ya sa yara biyu a firamare. Shekara ta zagayo, mai gida ya ƙara kuɗi. Ya kasa biya. Aka ba shi notis. Sai ya sami wani kango da ba a gama ginawa ba, mai shi ya ce ya zauna a bakin gadi. Babu ƙofa, babu taga, babu banɗaki. Bayan wata shida mai kango ya tashi ci gaba da gini. Sai a sake ɗaura kaya.

Kowane tashi, yara ne suke biyan kuɗinsa. Makarantar da ke bayan gida yanzu ta yi nisa. Zuwa sai da Adaidaita Sahu, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya hau sosai. Uban da yake neman na cefane ba zai iya biyan kuɗin motar yara biyu kullum ba. Sai su fara fashi. Yau sun je, gobe ba su je ba. Kafin zango ya ƙare sun daina.

Idan ma an nemi sabuwar makaranta, hedimasta zai tambayi takardar canjin makaranta, wadda ake ce wa tiransifa. Sau da yawa ba a karɓo ba, don tashin na gaggawa ne. Sai a mayar da yaro ajin baya, ko a ce a jira sabuwar shekara. Ɗan shekara 11 ya zauna da 'yan shekara 7. Kunya ta kama shi. Daga nan sai tasha.

Abin da malami ba ya gani

Mu duba kwanan irin wannan yaro. Ya kwanta a kan kwali ko buhu, babu gidan sauro. Da damina ruwa ya shigo, littafinsa ya jiƙe. Da hunturu sanyi ya hana shi barci. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi mako guda, ya tashi an wuce shi. Babu fitila, babu wurin zama ya yi aikin gida da aka ba shi. Ruwan wanka ma saye ake yi a wurin 'yan garuwa, saboda haka wanki sai jefi-jefi. Ya je aji da datti, yara suna yi masa dariya.

Sannan ga yunwa. Yaron da bai karya ba, hankalinsa ba ya kan allo. Da ƙarfe goma ta yi sai gyangyaɗi. Malamin da yake fama da aji mai yara fiye da ɗari ba shi da lokacin tambayar dalili. Sai ya ce yaron daƙiƙi ne. Iyaye su ma su yarda, su ce ba shi da kan boko. Alhali kuwa kansa lafiya lau. Barci ne da abinci ba su ishe shi ba. A ganinmu wannan shi ne babban zalunci a cikin lamarin, domin yaron da kansa yakan girma yana ɗaukar kansa daƙiƙi.

'Yan mata kuwa su ake fara cirewa. Uwa tana buƙatar mai kai mata talla, ko gyaɗa, ko awara, ko ruwan leda. Abin da yarinya ta samo da shi za a ci da dare. Wata kuma a kai ta aikatau gidan masu hali, tana shirya 'ya'yan gidan su tafi makaranta, ita tana wanke-wanke.

Ai an ce karatu kyauta ne

Haka ne. A shekarar 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato, kuma a 2004 aka yi masa doka. Dokar ta ce shekara shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare kyauta ne, kuma tilas ne. Har ta tanadi gargaɗi, da tara ko ɗauri, ga uban da ya ƙi sa ɗansa. To amma doka ba ta ba da ɗaki. Ba ta ba da koko da safe. Kayan makaranta, da takalmi, da littafin rubutu, da ɗan kuɗin tara, yawanci a wuyan uba suke. A shekarar 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin miliyan 20 ne ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan.

Zaure ya ɓace

Karatun allo shi ma abin ya shafe shi. A da, malami yakan sauka a gari da almajiransa, mai gida ya ba su zaure. Kowane yaro yana da uwar ɗaki mai zuba masa tuwo. Malami yana da gona. Yau gidajen birni da yawa babu zaure, sai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Almajirai sun yi yawa, masu bayarwa su ma suna nema. Sai ka ga yara sun kwana a barandar shago, ko a tasha, ko a ƙarƙashin gada. Yaron da ya wuni yana yawo da kwano, yaushe zai biya allonsa? A irin wuraren nan ne kuma yake haɗuwa da masu shaye-shaye da 'yan daba.

Gwamnati ta taɓa gwada magani. A 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, cikin Sakkwato, aka kuma gina irinta fiye da 150 a jihohi. Da yawa daga cikinsu ba su sami kulawa ba daga baya. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka kwashi almajirai a motoci suka mayar da su jihohinsu. A 2023 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta.

Akwai kuma waɗanda ba da son ransu suka shigo birni ba. Rikici ne ya koro su. A Maiduguri an rufe makarantun sakandare na gwamnati a 2014 saboda hare-haren Boko Haram, aka kuma saukar da 'yan gudun hijira a cikin azuzuwan. Sai a 2016 aka sake buɗe su. Aji ya zama ɗakin kwana. 'Ya'yan baƙi ba su yi karatu ba, 'ya'yan gari ma sun zauna a gida.

Kafin ka ɗaura kaya

Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. In za ka kai ɗanka wurin malami ko ɗan'uwa, ka je da ƙafarka. Ka ce a nuna maka inda zai kwana, da dare, ba da rana ba. Ka ƙirga yara nawa ne a ɗakin. Ka tambayi wanda zai ciyar da shi, da wanda zai kai shi asibiti in ya kwanta. In amsar ita ce "Allah zai kawo", ka tuna kai Allah ya ɗora wa nauyin. In akwai malami a garinku ko garin kusa, yaro ya yi karatunsa yana kwana a ɗakin uwarsa.

In kuwa kai ne mai tafiya, ka fara yin gaba kai kaɗai. Ka bar yara wurin uwarsu ko kakarsu, su ci gaba da makarantar ƙauye, ko da rufinta na yoyo. Sai ka sami sana'a da ɗakin da ka biya kuɗinsa, sannan ka aiko su taho. Kada ka yi saurin sayar da gona ko gida don kuɗin haya. Haya tana ƙarewa a shekara guda.

Idan tashin ya zama dole, ka yi ƙoƙari ya dace da dogon hutu, domin sabuwar shekarar karatu a watan Satumba take farawa. Ka je wurin hedimasta ka karɓi tiransifa da katin sakamakon jarrabawar kowane yaro. Ka haɗa da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, da katin riga-kafi. Ka naɗe su a leda, ka sa a ƙasan akwati inda ruwa ba zai taɓa su ba. Ranar da kuka sauka, ka tambayi mai unguwa makarantar gwamnati mafi kusa, wadda yaro zai iya zuwa da ƙafa.