Zumuncin 'Yan Daudu: Dangin da Ba na Jini Ba

Duk matafiyin da ya saba sauka a tashoshin mota na Kano ko Katsina ko Zariya tsakanin shekarun 1970 da 1990, ba zai rasa tuna wasu maza masu tuya da tuƙin tuwo ba, zane ɗaure a ƙirji, suna raha da salon maganar mata. Su ne 'yan daudu. Masana sun danganta sunan da Ɗan Galadima, wani iska na bori da ake yi wa laƙabi da Daudu. Jama'a sun san abincinsu da habaicinsu, amma kaɗan ne suka kula da yadda suka gina wa kansu zumunci.

Wani masani ɗan Amurka, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano cikin shekarun 1990, ya kuma fitar da littafi a kansu a 2009. Bincikensa ya nuna cewa daudanci al'amari ne na ɗabi'a da sana'a da magana. Akwai masu neman maza a cikinsu, amma kalmar ba ta nufin haka kai tsaye, kuma da yawa sun yi aure sun hayayyafa.

Uwar Ɗaki da 'Ya'yanta

Sau da yawa labarin kan fara ne daga gida. Yaro ya taso yana son zaman madafa da hirar mata, a yi faɗa, a yi duka, har ranar da zai ɗaure 'yan kayansa ya shiga birni. A birni kuwa, baƙon da ba shi da mai masauki yana cikin hatsari. Nan ne wani babban ɗan daudu kan karɓe shi, ya ba shi wurin kwana, ya koya masa girki da ciniki. Yaron ya kira shi uwa ko uwar ɗaki, shi kuma ya kira yaron 'yarsa. Tsararraki kuwa ƙawaye ne.

Wannan tsari ba baƙo ba ne. Shi ne dai na ubangida da bara, da na uwar ɗaki da 'yar ɗaki da matan Hausawa suka gada. Yaro yana ɗiban ruwa da wanke-wanke, uwa tana ciyarwa, wata rana ta ba shi jari ya kafa nasa teburin. Haka ma biki: idan ɗaya yana da hidima, ƙawaye su taru da gudummawa, kowa ya san bashi ne da za a rama. Ga kuma maƙwabtaka da mata masu zaman kansu, waɗanda su ma suka yi nisa da gida.

Abin lura shi ne, dangin birni bai shafe na jini ba. Daga cinikin abinci wasu ke aika wa iyaye kuɗi, su yi wa ƙanne hidimar aure, wasu har su sauke farali. Malamai dai sun daɗe suna hani ga namiji ya yi kama da mace, iyaye ma suna jin kunyar surutun gari. Duk da haka, a gidaje da yawa an bi karin maganar nan cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Da Zamani Ya Juya

Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, Kano ta bi sahu a 2000, har jihohi suka kai 12. An rufe gidajen mata da dama, bukukuwan fili suka yi wuya, aka kafa Hukumar Hisba ta Kano a 2003. Sa'an nan a watan Janairu na 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi, da shekara 10 ga mai kafa ƙungiyarsu ko mara mata baya.

Illar ba ta tsaya ga taro kaɗai ba. Wani bincike da mujallar Lancet HIV ta buga a 2015, kan maza masu neman maza a Abuja, ya gano cewa masu tsoron zuwa asibiti sun ƙaru daga kashi 25 cikin ɗari kafin dokar zuwa kashi 38 bayanta. Wanda ke tsoron likita, kuma ba shi da mai raka shi, ciwonsa ɓoye yake yi har ya ci ƙarfinsa.

Ko mai karatu yana ƙyamar daudanci ko yana tausaya wa masu shi, akwai tambayar da ba ta kaucuwa. Gidan uwar ɗaki shi ne ya ɗauki nauyin ci da kwana da jinyar yaran da gidajen iyayensu suka gaza riƙewa. Idan wannan gida ya watse, na haihuwa kuma bai buɗe ƙofa ba, yaron nan yana nan da ransa, kuma ɗan wani ne. Wa zai kai shi asibiti, wa kuma zai tsaya a kan gawarsa?