Fayil Mai Bayit 20

Wani shagon sarin magunguna da ke kusa da babbar kasuwar Gombe ya daɗe da mayar da lissafinsa cikin kwamfuta: kayan da suka shigo, waɗanda suka fita, da bashin da ake bin masu kemis na Kumo, Dukku, Bajoga da Billiri. Kowane dare da ƙarfe 11, wani ɗan rubutun umarni na Linux yakan kwafi rumbun bayanan, ya matse shi, ya ajiye, sannan ya rubuta a kundin rahoto: "An gama ajiya." Wata rana yaron shago ya goge shafin bashin wani babban abokin ciniki bisa kuskure. Aka ce ba komai, a ɗauko kwafin jiya. Aka buɗe, babu komai a ciki. Na shekaranjiya ma haka. Shi kuwa kundin rahoto bai taɓa fashin dare ɗaya ba, kullum "An gama ajiya."

Da aka kira ni, Alhaji mai shagon ya riga ya yanke hukunci. "Malam, wuta ce. Ana ɗaukewa cikin dare, aikin ya katse." Zargi ne mai ma'ana ga duk mazaunin garin nan, amma bai tsaya da ƙafarsa ba. Injin yana kan batir da sola, kuma da wuta ce ta katse aikin, da fayilolin sun bambanta a girma, wani rabi, wani kwata, wani daren ma babu fayil. Na ce, "Ranka ya daɗe, dubi nan." Fayil 30 ne jere, kowanne da kwanan watansa, kowanne an ƙirƙire shi ƙarfe 11 daidai, kuma kowanne girmansa bayit 20. Faifan ajiya bai cika ba. Shi ma cron, manhajar da ke tayar da ayyuka a kan lokaci, ya fita daga zargi, tunda fayilolin shaida ne cewa yana tashi.

Lambar 20 ɗin ce bakin zaren. Manhajar matse fayil da ake kira gzip, wadda Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fitar a 1992, tana da tsari tsayayye: bayit 10 na kan fayil, bayit 8 na ƙarshe masu ɗauke da lambar tantancewa da girman asali. Idan ta bututu, wato kai tsaye daga wani umarni, aka miƙa mata wofi, sai ta sa bayit 2 a tsakani. Jimla 20. Wato gzip ta yi aikinta tsaf kowane dare, abin matsewa ne ba a ba ta ba. Laifin yana gabanta, wurin mysqldump, umarnin da ke zazzago bayanai daga rumbu.

Sai dai a nan lamarin ya ƙara rikicewa. Na gudanar da rubutun da hannuna, nan take ya fitar da cikakken fayil mai nauyi. Rubutu ɗaya, inji ɗaya, kalmar sirri ɗaya: da rana yana aiki, da dare yana haifar wofi. Saurayin da ke kula da kwamfutocin shagon ya ce, "Yaya, wallahi haka nake gwadawa duk wata, kuma yana yi." Gaskiya ya faɗa.

Me ya raba rana da dare? Na tambaye shi ko an canza wani abu a 'yan watannin nan. Ya ce an sayi sabon inji bayan sallar layya, ya ɗora masa kunshin manhajojin XAMPP saboda sauƙi. A tsohon injin, mysqldump yana zaune a /usr/bin. XAMPP kuwa yana ajiye nasa a /opt/lampp/bin. Saurayin ya ƙara wannan wurin cikin PATH, jerin wuraren da ake neman umarni, amma a fayil ɗinsa na .bashrc ya rubuta. Cron ba ya karanta wannan fayil. Da ɗan gajeren jerinsa yake tashi, /usr/bin da /bin. Da dare ke nan ana kiran mysqldump, ba a same shi ba. Ƙorafin da injin ke yi kuma ba wanda ya gani, domin layin cron ɗin ya ƙare da > /dev/null 2>&1, jelar da mutane ke kwafowa ba tare da sanin cewa tana zubar da duk saƙon kuskure ba.

An san dalilin faɗuwar, saura babbar tambaya, wadda ta fi damuna: me ya sa rubutun ya ce an gama? A samansa akwai set -e, wanda ake sawa domin aiki ya tsaya da zarar wani umarni ya gaza. Saurayin ya yi abin da aka koya masa.

A Unix, tun daga harsashin (shell, manhajar da ke karɓar umarni) da Stephen Bourne ya rubuta a Bell Labs, wanda ya fito a 1979, duk umarnin da ya ƙare yakan bar lamba. Sifili na nufin nasara, sauran duk gazawa ne. 127 na nufin ba a ga umarnin ba, 126 an gan shi amma ba ya guduwa. Ana duba lambar da $?. Amma idan aka haɗa umarni biyu da bututu, kamar mysqldump | gzip, lambar na ƙarshe kaɗai ake ɗauka a matsayin sakamakon duka. Kamar mai ɗinkin buhu ne a kasuwar Tudun Hatsi: an miƙo masa buhu, ya ɗinke bakinsa da kyau, ya ce an gama, ba ruwansa da ko mai awo ya zuba masara. Na kwaikwayi yanayin cron, na duba PIPESTATUS, inda harsashin Bash ke ajiye lambar kowane umarni na cikin bututu. Ya nuna 127 da 0. Set -e sifilin ya gani, ya wuce. Layi na gaba kuma yana goge duk kwafin da ya haura kwana 30, don haka a hankali wofi ya cinye na kirki har ya ƙare.

Kada a ɗauka wannan cutar ƙananan shaguna ce. Ranar 31 ga Janairu 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge babban rumbun bayanansu bisa kuskure. Da suka nemi kwafin da umarnin pg_dump ke yi sai suka tarar ya daɗe yana gazawa, saboda ana amfani da sigar 9.2 a kan rumbu mai sigar 9.6, saƙonnin imel na gargaɗi kuma ba sa isa. Sun yi asarar bayanan kusan awa 6.

Gyaran ma ya zo da nasa tarkon. Maganin bututu shi ne set -o pipefail, wanda ke sa gazawar kowane umarni ta zama gazawar duka. Muka sa, sai rubutun ya mutu tun daga layin. Ashe kansa na ɗauke da #!/bin/sh, kuma a Ubuntu, tun 2006, wannan sunan harsashin dash yake nufi, ba Bash ba. Dash ɗin da ke injin bai san pipefail ba. Muka mayar da shi #!/bin/bash.

Ban yarda a dogara da set -e shi kaɗai ba, domin yana yin shiru a cikin sharaɗin if da kuma gefen hagu na && da ||. Saboda haka muka rubuta cikakken adireshin mysqldump. Kwafi yanzu yana fara sauka da suna na wucin gadi, a gwada shi da gzip -t, a auna girmansa, sai ya tsallake sannan a ba shi sunan gaskiya. Gogewar tsofaffi ba ta gudana sai na daren ya tabbata. Saƙon kuskure yana shiga kundin rahoto, kuma umarnin trap yana rubuta layin da aka faɗi.

Shafin bashin da ya ɓata, daga rasitan takarda aka sake haɗa shi, aikin da ya cinye wa ma'aikata biyu ƙarshen mako. Kafin in tafi muka canza sunan mysqldump da gangan, muka sa cron ya tashi nan da minti ɗaya. Rahoto ya rubuta gazawa da lamba 127, bai ajiye sabon fayil ba, bai kuma taɓa tsofaffi ba. Muka mayar da sunan, muka ɗauki kwafin da ya fito muka zuba a tsohon injin, Alhaji ya kira sunayen masu bashi ɗaya bayan ɗaya, saurayin yana karanto masa abin da ake bin kowa.