Iccen da ya dace da cikin jirgin ruwa

Yau hirarmu ta shafi ƙaramin jirgin ruwa na katako, irin wanda masunta ke tuƙawa a Gaya, da tabkin Madarumfa, da na Tabalak. Za mu duba kayan cikinshi: benci, da katakon daɓe, da akwatin ajiya.

Mutane da yawa suna kashe kuɗinsu wajen jikin jirgi. In aka zo ciki, sai su ce kafinta ya nemo ragowar katako. Wannan kuskure ne. Bencin da ke gicciye ba wurin zama kaɗai ba ne. Shi ke riƙe gefe biyu na jirgi. In ya karye tsakiyar gulbi, mutane su zube gefe guda, jirgi yana iya kifewa.

To, wane icce za ka zaɓa? Fara duba inda ruwa ke kwana. Ƙasan jirgi kullum jiƙe yake. Nan icce mai tauri ya kamata, wanda ba ya saurin ruɓa. Ƙirya ita ce gaba. Ka san da ita ake sassaƙa turmi, gara ma ba ta son ta. Tana da nauyi, amma nauyin da ke ƙasa yana taimakon jirgi ya zauna daidai bisa ruwa. Sai dai ƙusa tana lanƙwashewa cikinta. A huda tukuna, kana a buga. Katakon daɓe kuma kada a kafe shi duka. Bar wanda za ka ɗaga in za ka kwarfe ruwa.

Benci yana son maɗaci. Yana da ƙarfi, yana yin sumul, bai kai ƙirya nauyi ba. Kaurin katakon ya kai santimetir 3, wato kamar yatsa biyu. In maɗaci ya yi maka tsada, ga dogon yaro a ko'ina. Dangi ne su biyun, ƙwari kuma ba su cika damun shi ba.

Farin katako na kasuwa, mai zuwa daga ƙasashen kudu, araha gare shi. Ba shi da nauyi, amma ruwa na cinye shi da wuri. Ya isa murfin akwati in an shafa fenti. Ban da benci. Gawo ma bar shi a gona, can ya fi amfani. Giginya tana yin azara mai kyau, amma wa zai zauna bisa tsirarunta?

Ranar saye, tafi da kanka. Ƙwanƙwasa katako. Busasshe yana amsawa da ƙara, ɗanye kuwa da sanyi da nauyi. Ɗanye in ya bushe cikin jirgi sai ya tsage, ƙusa ta saki. In ɗanye ka samu, jera shi a inuwa, da ƙananan itatuwa tsakani don iska ta ratsa, ya yi rani guda. Duba launi kuma. Jan ciki shi ne mai ƙarko. Farin da ke kusa da ɓawo shi ƙwari ke fara ci. Katakon da ke da ƙulli a tsakiya, inda reshe ya fito, nan yake karyewa.

In da kanka za ka sare, tuna dokar daji ta 2004. Maɗaci da gawo da giginya ba a sare su sai da izini. Je wurin ma'aikatan gandun daji, ka karɓi takarda tukuna.