YADDA MASANA KE AUNA SAURIN RIKIƊAR SINADARAI

Albarushi yakan ƙone ƙurmus cikin ƙiftawar ido, alhali kuwa ƙarfe sai ya yi wata da watanni kafin tsatsa ta cinye shi. Dukansu biyu rikiɗa ce ta sinadarai, amma saurinsu ya sha bamban. Masana kimiyya sun daɗe da iya rubuta abin da ke haɗuwa da abin da ke fitowa, sai dai wannan rubutu ba ya faɗin tsawon lokacin da aikin zai ɗauka. Wannan kam sai an shiga ɗakin gwaje-gwaje da agogo a hannu.

Wanda ya fara share wannan fage shi ne wani Bajamushe mai suna Ludwig Wilhelmy, a shekarar 1850. Ya narkar da sukari a ruwa, ya zuba masa asid, watau ruwa mai tsananin tsami da ke raba sukarin gida biyu. Ruwan sukari yakan karkata tataccen haske zuwa dama, bayan rabuwar kuwa sai ya karkata shi zuwa hagu. Don haka ya riƙa duba karkatar hasken lokaci-lokaci yana rubutawa, ta haka ya san yawan sukarin da ya rage ba tare da ya taɓa ruwan ba. Sai ya tarar saurin rikiɗar yana tafiya daidai da yawan sukarin da ya saura. Ma'ana, in rabinsa ya tafi cikin awa guda, to rabin ragowar ma awa guda zai ɗauka.

Wata dabara da ɗalibai ke koya har yau ita ce a riƙa canja abu ɗaya tak, a bar sauran yadda suke, har da zafin ruwan. In an ninka sinadari sau biyu saurin ya ninku sau biyu, sai a ce mataki na ɗaya ne. In ya ninku sau huɗu, mataki na biyu ke nan. In ko bai motsa ba, to wannan sinadari ba shi ke riƙe da ragamar saurin ba. Daga nan ake fitar da abin da ake kira dokar sauri.

Hujjar cewa ba a kintatar wannan doka ta bayyana a aikin wani Bajamushen, Max Bodenstein. Haɗuwar iskar haidurojin da aidin, da haɗuwarta da buromin, a takarda kamar an tsaga kara suke. Ta farkon ta bi ƙa'ida mai sauƙi. Amma da shi da abokin aikinsa Lind suka auna ta biyun a wajejen 1906, sai suka ga sai an ninka buromin sau huɗu kafin saurin ya ninku sau biyu, bugu da ƙari abin da ke fitowa ma yana rage wa aikin gudu.

Zafi ma yana da nasa hannun. A 1889 Svante Arrhenius, mutumin Suwidin, ya bayyana ƙa'idarsa. Rikiɗa da yawa saurinsu yakan kusan ninkuwa in zafi ya ƙaru da digiri 10.

A nan ne maganar ta shafi lafiyar jama'a. Masu harhaɗa magunguna sukan ajiye sabon magani a zafin digiri 40 har wata 6, suna auna yadda ƙarfinsa ke raguwa, su gwama da gwaji mai tsawo, kana su rubuta ranar daina amfani da shi. Ranar nan tana da sharaɗi, shi ne a adana maganin yadda aka umurta a jikin kwali. A Sakkwato da Maiduguri zafin bazara yakan zarce digiri 40. Saboda haka maganin da ya wuni a faifan mai talla, rana na dukansa a tasha, yana iya rasa ƙarfinsa tun ranar da aka rubuta ba ta zo ba, mai saye kuwa ba shi da hanyar ganewa da ido.